Wata Biyar Ina Neman Mai Sayen Jirgina, Ƙanin Matata Ya Maishe Shi Nasa

Assalamu alaikum Gwaggo, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Ni masunci ne a ƙasar Yauri, sana'ar su na gada kaka da kakanni, amma yanzu ciwon ƙirji ya hana ni kwanan ruwa. Shi ne na ce bari in sayar da jirgina da injinsa in kama ɗan shago a kasuwa. Gwaggo, wata biyar ke nan. Wallahi da na san haka sayar da jirgi yake, da na bar shi ya ruɓe a bakin ruwa na huta.

Jirgin katako ne, a Malale aka ƙera mini shi shekara shida da suka wuce, injinsa Yamaha doki 40, ban taɓa bari yaro ya taɓa shi ba. Ban ba dillali ba, don na san halinsu, su ci a hannun mai saye su ci a hannun mai kaya. Na ce kayana ne, ni zan sayar. Ɗana ya ɗauki hoto ya sa a Facebook, tun ranar wayata ba ta huta ba. Wani ya kira daga Baga wai in kawo masa ya gani. Baga fa, Gwaggo, sai ka ce kaza zan sa a kwando. Wani ya turo mini alat na bogi yana cewa direbansa na hanya, Allah ya sa yaron nan ya duba asusun. Masu zuwa da ƙafarsu kuma su ne mafi ciwo. Mutum zai ƙwanƙwasa katako, ya leƙa farfela, ya ce a tada inji a zaga da shi tsakiyar ruwa, da man da na saya da kuɗina, a dawo ya taya rabin kuɗi. Na ce albarka har bakina ya gaji. Wani ma cewa ya yi injin kaɗai yake so. To jirgin fa, in faskara a yi girki?

Amma duk wannan ba shi ya sa na rubuto ba. Ƙanin matata ne. Ya zo ya durƙusa ya ce Yaya ni zan saya, a ba ni in gwada kwana uku. Ya ajiye dubu ɗari biyu kafin alƙalami. Kwana uku fa ya ce. Yau sati bakwai. Ko taru bai taɓa sawa a ciki ba, jigila yake yi da shi, duk ranar kasuwar Warra ya cika shi da mata da buhuna, ya soke kuɗi a aljihu, ni ko sisi. In na yi magana, mai ɗakina ta ce ai ɗan'uwa ne, in yi haƙuri. Haƙuri har yaushe? Kwana uku ya ce. Masu saye biyu sun zo ba su tarar da jirgi ba, sun juya.

Yanzu kuma wai in rage masa, wai jirgi na shan ruwa. Wane jirgi ne ba ya shan ruwa? Ɗan wurin da kututture ya buga bara ne, na cusa auduga na liƙe da kwalta na bi da fenti, ba mai ganewa, ban ga dalilin yin shela ba. Neman hanyar cuta ce kawai. Ga dillalin da ban saka ba ya ɓullo yana neman la'ada, wai shi ya fara tsegunta wa ƙanin matata. Gwaggo, in kai shi gaban Sarkin Ruwa ne, ko in je da dare in kwance jirgina? Ba na son aurena ya taɓu, amma an raina ni. Kwana uku fa ya ce.

Naki, Mai Jirgi, daga Yauri.

AMSAR GWAGGO

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ba ka lafiya. Ni ba na yanke hukunci da jin baki ɗaya, kuma ban san surukinka ba balle in kare shi. Riƙe kayan mutum sati bakwai a kan alkawarin kwana uku ba hali ba ne, wannan na ba ka.

Sai dai ka dawo mu tsaya a kan fentin nan. Sau huɗu ka nanata mini kwana uku, amma ramin da ke cikin jirgi ka wuce shi da layi biyu kamar mai tsallake kwata. "Ba mai ganewa," in ji ka. Ɗana, ruwa yana ganewa. Auduga da kwalta aikin toshe tsakanin katako da katako ne, ba sa mayar da katakon da ya tsage sabo. Kai da aka haifa a bakin tafkin Kainji ka fi ni sanin cewa tun da aka datse kogin Kwara a 1968 itatuwan da ruwa ya shanye suna nan a ƙasa suna jiran jirage. Kuma da bakinka ka ce mata yake lodawa zuwa Warra. Warra fa. A watan Mayun 2021 jirgi ɗauke da mutum sama da ɗari ya tsage ya nutse a wannan yankin, aka yi kwanaki ana tsamo gawarwaki, cikinsu har da mata da yara. Kai kana lissafin kuɗin man da 'yan taya suka ƙona maka, ni ina lissafin masu goyo a kan katakon da ka shafe.

Don haka yaron nan bai yi ƙarya ba. Ya ce jirgi na shan ruwa, kuma yana sha. Kai ka san dalili, shi bai sani ba. Wa ya fara cutar wani?

Bari in juyo gare ku masu karatu, don wannan ciwon ya game gari. Mai mota ya zuba mai mai kauri don inji ya yi shiru, mai waya ya ɓoye cewa ta faɗa ruwa, mai akuya ya ɗura mata ruwa da gishiri ranar kasuwa, sai a kira shi iya ciniki. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Malaman fiƙihu kuma sun ba mai saye damar mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Wannan tun muna makarantar allo ake faɗa.

Maganar kwance jirgi da dare ka bar ta, kada a kama ka da satar kayanka. Gaban Sarkin Ruwa za ka, amma ka fara da faɗin naka laifin kafin ka faɗi na yaron. A ja jirgin tudu, a kira maƙerin jirgi ya cire katakon ya sa sabo, kuɗin daga aljihunka. Sannan a zauna da shaidu biyu a yanke farashi, a lissafa abin da ya samu a sati bakwai, a sa ranar biya a rubuce. In ya kasa, ka mayar masa da dubu ɗari biyunsa bayan an cire haya, ka nemi wani, ka nuna masa wurin gyaran da yatsanka. Dillalin kuwa ba ka sa shi aiki ba, ka ba shi goro ya kama gabansa.

Matarka ka daina jin haushinta, tsakanin miji da ƙani aka matse ta. Amma ka gaya mata maganar ramin yau, ƙaninta ne ke riƙe da injin. Ka kira shi kafin ranar kasuwa mai zuwa, kada jirgin nan ya sake barin bakin ruwa da mutum ko ɗaya.