Me ya sa aka kori Roseanne aka ƙyale Samantha Bee?

Tambaya: Malam, na lura a gidajen talabijin na Amurka idan magoyin bayan Trump ya yi katoɓara korarsa ake yi, amma idan ɗan ɗaya ɓangaren ne sai ya ba da haƙuri a wuce wurin. Son kai ne, ko ni ne ban gane ba? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, ba kai kaɗai ke wannan ƙorafi ba, kuma akwai makon da masu yin sa ke yawan kafa hujja da shi. Ranar 29 ga Mayun 2018, 'yar wasan barkwanci Roseanne Barr, mai goyon bayan Trump, ta yi rubutu a Twitter tana kwatanta Valerie Jarrett, baƙar fata tsohuwar mai ba Obama shawara, da biri. Kafin rana ta faɗi ABC ta soke shirinta, shirin da mutum wajen miliyan 18 suka kalla a daren da ya dawo a watan Maris. Washegari sai Samantha Bee, 'yar barkwanci mai sukar Trump, a shirinta na tashar TBS, ta ɗura wa Ivanka, 'yar Trump, ashar ɗin da ba zan iya maimaitawa a nan ba. Ta ba da haƙuri, tashar ma ta bayar, shiri ya ci gaba. Trump da kansa ya fito ya ce an yi son kai.

Ni dai ban ɗauki laifin biyu ɗaya ba. Ashar ɗin Bee ƙazanta ce, amma mutum guda ta zaga. Kwatanta baƙar fata da biri kuwa, a Amurka, tsohon miki ne tun zamanin bauta, duk wanda ya fama shi jinsi guda ya taɓa. Kuma ba ranar Roseanne ta fara ba, a 2013 ta yi wa Susan Rice, baƙar fata mai ba Obama shawara kan tsaro a lokacin, irin wannan. Da ta ɗora laifin kan maganin barci ma, kamfanin da ke yin maganin ya mayar mata da martani cewa wariyar launin fata ba ta cikin illolinsa.

Sai dai kada in yi maka rufa-rufa: mafi yawan masu faɗa a ji a Hollywood sun fi karkata ga Dimokurat, kuma ɗan gida ya fi samun uzuri. Kamfanin fim na Lucasfilm ya raba gari da Gina Carano, 'yar fim mai ra'ayin mazan jiya, a 2021 kan wani rubutu da ya taɓo zamanin Nazi, amma Whoopi Goldberg, mai karkata ga Dimokurat, dakatarwar mako biyu kawai ta samu a 2022 kan maganarta game da kisan ƙare dangin Yahudawa. Wannan kam da wuyar karewa. Duk da haka wuƙar tana yanka ɗaya ɓangaren: CNN ta sallami Kathy Griffin a 2017 saboda hoton da ta ɗauka riƙe da kan Trump na roba jina-jina.

Abin da aka fi mantawa shi ne kuɗi. Tsarin mulkin Amurka gwamnati ya hana toshe bakin mutane, bai hana kamfani korar ma'aikacinsa ba. Shugaban tasha masu talla yake kallo: su wa za su janye, kuma nawa za a yi asara? Bee ta rasa tallan kamfanonin State Farm da Autotrader, TBS ta ga za ta iya jurewa. ABC kuwa ta Disney ce, mai sayar da kanta a matsayin kamfanin iyali. Ita ma ba ta yarda ta yi asarar baki ɗaya ba: a watan Oktoba ta dawo da sauran 'yan wasan ƙarƙashin sunan The Conners, aka kashe Roseanne a cikin labarin.