An ce min ina da infekshan: mene ne shi, kuma iri nawa ne?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni matar aure ce, 'ya'yana uku. Wata shida ke nan ina fama da ƙaiƙayin gaba da fitar farin ruwa mai kauri. A kemis aka ce min infekshan ne, aka ba ni Ampiclox da Flagyl. Na sha ya ɗan lafa, ya sake dawowa. Na yi gwaji aka ce "staf" ne, aka yi min allurai, har yau ban rabu da shi ba. Don Allah mene ne ainihin infekshan, iri nawa ne, kuma da gaske a masai ake ɗaukar sa?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar uwa, sannu, Allah ya ba ki lafiya.

Infekshan ba sunan wata cuta guda ba ne. Duk sa'ad da ƙwayar cuta ta shiga jiki, ta samu wurin zama, ta hayayyafa har ta fara yin ɓarna, shi ne ake kira infekshan. Mura infekshan ce, haka tarin fuka, haka maruru, haka zazzaɓin cizon sauro. A nan wajenmu ne kalmar ta taƙaita ga ciwon gaban mata da abin da ake kira sanyi. Don haka wanda ya ce miki "kina da infekshan" ya tsaya a nan, bai gaya miki komai ba tukuna. Sai an san wace ƙwaya ce, kuma a ina take, kafin a san maganinta.

Ƙwayoyin da ke kawo shi gida huɗu ne. Na farko bakteriya, masu kawo taifot, kwalara, tarin fuka, mashaƙo, yawancin ciwon mafitsara, da irin sanƙarau ɗin da ya yi mummunar ɓarna a arewacin Najeriya a 1996. Su ne kaɗai maganin antibayotik irin su Ampiclox yake kashewa, shi ma kowace da nata. Na biyu bairos, wanda ya fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ba ya hayayyafa sai a cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum. Shi ke kawo mura, ƙyanda, shan inna, ciwon hanta, zazzaɓin Lassa da ƙanjamau. Antibayotik ba ya yi masa komai. Babban makamin yaƙi da shi rigakafi ne, sai wasu magunguna na musamman ga irin su ƙanjamau da ciwon hanta. Na uku fangas, dangin funfuna, mai son wuri mai ɗumi da danshi, shi ke kawo makero da ƙyasbi da kandida. Na huɗu kuma halittun da ke rayuwa a jikin mutum suna ci daga gare shi: ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, tsargiya mai sa fitsarin jini, da ƙazuwa.

Yanzu mu zo kan abin da ke damun ki, don a nan ne aka fi yin kuskure.

Ba kowane ruwa da ke fita daga gaban mace ne ciwo ba. Mace lafiyayya tana fitar da ruwa fari ko garai-garai, ba wari, ba ƙaiƙayi. A tsakiyar wata yakan yi yauƙi kamar farin ƙwai, yana kuma ƙaruwa in akwai juna biyu. A cikin farji akwai bakteriya masu amfani da Allah ya ajiye a wurin, suna fitar da tsami mai hana miyagun ƙwayoyi sakewa. Yawancin matsalar tana farawa ne ranar da aka kashe waɗannan masu gadin.

Idan ruwan fari ne mai kauri, gudaji-gudaji kamar kindirmon da ya tsinke, ga ƙaiƙayi mai tsanani da raɗaɗi amma ba wari sosai, galibi kandida ce. Bayaninki ya fi kama da wannan, ko da yake ba a yanke hukunci sai an duba. Kandida fangas ce, kuma tana zaune a jikin mata da yawa ba ta cutar da su, sai ta samu sarari. Abin da ke ba ta sararin shi ne juna biyu, ciwon suga, da shan antibayotik barkatai. Kin ga ke nan kowane zagaye na Ampiclox da alluran da aka yi miki yana iya kashe masu gadin, ya bar wa kandida fili. Maganinta na fangas ne: clotrimazole da ake sakawa a gaba da dare, ko ƙwaya ɗaya ta fluconazole mai nauyin miligiram 150. Mai juna biyu ba ta shan fluconazole, na sakawa ake ba ta. Wadda kuma abin yake dawo mata sau huɗu ko fiye a shekara, magani na tsawon watanni take bukata a hannun likita, kuma lallai a auna mata suga.

Idan ruwan tsararo ne mai ruwan toka, yana ƙarni irin na kifi, ƙarnin kuma ya fi tashi bayan saduwa ko bayan al'ada, to miyagun bakteriya ne suka rinjayi masu amfani. Nan ne Flagyl yake aiki, yawanci miligiram 400 safe da yamma har kwana bakwai. Babban abin da ke jawo shi wanke cikin farji da sabulu ko Dettol, da matsi da abubuwan da ba a san me aka haɗa a cikinsu ba. Ina roƙon mata su daina wannan. Cikin farji yana wanke kansa da kansa. Tsarki da ruwa mai tsabta daga waje ya wadatar.

Akwai kuma wanda ruwan yake kumfa, launinsa rawaya ko kore-kore, da wari da zafi. Wannan wata ƙwaya ce da ake kira tirikomonas, ta hanyar saduwa ake ɗaukar ta, kuma namiji yakan ɗauke ta ba tare da ya ji komai ba. In matar ta sha magani mijin bai sha ba, zai sake mayar mata. A gidan da ke da mata biyu ko uku, dole maigida da dukkan matan su yi magani lokaci ɗaya, a kuma dakata da saduwa har mako guda bayan an gama.

Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne wanda ba ya hayaniya: ciwon sanyi na ainihi, wato gonoriya, da 'yar uwarsa kilamidiya. Namiji yakan ga mugunya da zafin fitsari, ya nemi magani. Mace kuwa tana iya ɗauke da su wata da watanni ba wata alama, alhali ƙwayar tana hawa daga bakin mahaifa zuwa bututun da ƙwai ke bi. A can take barin tabo, bututun ya toshe, a wayi gari haihuwa ta tsaya ko ciki ya zauna a wajen mahaifa. Ciwon mara da ba ya tafiya, zafi can ciki lokacin saduwa, ko ganin jini ba lokacin al'ada ba, duk dalilai ne na zuwa asibiti ba kemis ba.

Ciwon mafitsara shi ma daban yake: zafin fitsari, yawan zuwa bayi ana yin kaɗan-kaɗan, wani lokaci fitsarin ya yi gurɓi. Yawanci bakteriyar da ke cikin bayan gida ce take ratsowa, domin hanyar fitsarin mace gajeriya ce kuma tana kusa da dubura. Shi ya sa ake cewa a yi tsarki daga gaba zuwa baya, a sha ruwa sosai, a daina riƙe fitsari.

Batun masai kuwa, ba daga nan waɗannan cututtuka suke zuwa ba. Kandida daga jikinki take, cututtukan saduwa kuma ta hanyar saduwa ake samun su. Ƙazamin masai yana yaɗa cuta, amma irin su taifot, kwalara da tsutsar ciki, ta hannun da ba a wanke ba da ƙudan da ke sauka kan abinci.

Sai maganar "staf". Wannan bakteriya ce da ke zaune a fata da cikin hancin mutane da yawa masu ƙoshin lafiya. Idan aka ɗauki samfurin gwaji audugar ta shafi fata, sai ta tsiro a ɗakin gwaji, a rubuta ta a takarda, a ɗora wa mace allurai masu tsada a kan abin da ba shi ke damun ta ba. Staf tana kawo ciwo na gaske, kamar maruru da ruɓewar rauni, amma ba kasafai take zama sanadin ƙaiƙayin gaba ba.

Ga abin da nake ba ki shawara. Ki dakatar da sayen antibayotik da kanki, ki je asibiti ki ga likitan mata, ki tafi da kwalayen duk abin da kika sha. Kada ki wanke ciki ko ki saka wani magani kwana biyu kafin zuwa, kuma ki zaɓi lokacin da ba kya al'ada. Ma'aikaciyar lafiya ce ya kamata ta ɗauki samfurin daga can ciki, a duba shi a madubin likita, a kuma shuka shi, wato a bar ƙwayar ta tsiro a ɗakin gwaji don a gane ta. Sakamakon shukar yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku. A haɗa da gwajin fitsari da na suga. Na fitsari, ki yi tsarki, ki bar na farko ya zuba, ki tari na tsakiya a kwalbar da aka ba ki. Maganin da aka rubuta miki ki shanye shi duka ko kin ji sauƙi, don barin sa a rabi shi ke barin ƙwayoyi masu taurin kai su rayu har su daina jin magani. Ki riƙa sa kamfai na auduga, ki shanya shi a rana ya bushe sarai kafin ki mayar.

Amma idan zazzaɓi mai zafi ya zo da rawar sanyi, ko ciwon kwiɓi, ko amai, ko ciwon mara mai tsanani, musamman ga mai juna biyu ko wadda ta haihu ko ta yi ɓari kwanan nan, kada a jira sakamakon kowane gwaji. Alama ce ƙwayar ta kai ƙoda ko mahaifa, ko ta shiga jini, kuma a ranar ake zuwa asibiti.