Amsa ga ƙanena mai niyyar karatun lissafi a Jamus

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma na yi murna da kammala digirinka a Jami'ar Jihar Kaduna. Ka tambaye ni irin shirin da za ka yi kafin ka zo nan Jamus digiri na biyu a fannin nazarin lambobi, sannan ka ce wani abokinka a Unguwar Rimi ya nuna maka 2,147,483,647 a littafin kwamfuta, yana son sanin abin da ya bambanta ta da sauran. To, da tambayar abokin naka nake so ka fara shiri.

Abin da ido ke gani kaɗan ne: alƙaluma goma gare ta, kuma mara ce, ba cika ba. Idan ka jera 2 har guda 31 ka ninka su da juna, ka cire ɗaya, ita za ka samu. Babu lambar da ke raba ta ba saura in ban da ɗaya da ita kanta, kuma ita ce ta takwas a jerin irin waɗannan lambobi da ake dangantawa da Marin Mersenne, malamin coci ɗan Faransa. Masanin lissafi Leonhard Euler ne ya tabbatar da rashin rabuwarta a 1772, ba tare da na'ura ba.

Hanyar tabbatarwar ce na fi so ka riƙe. Ba sai an gwada duk lambobin da ke ƙasa da ita ba, ya isa a tsaya a 46,340, domin idan an ninka lambobi biyu da kowace ta haura wannan, sakamakon zai zarce ta. Bayan haka, duk wadda za ta raba ta dole ne ta bar saura ɗaya idan aka raba ta da 62, wato 31 sau biyu, kuma wannan ƙa'ida kaɗai ta zubar da mafi yawan aikin. Gwada da ƙarama: idan ka ninka 2 guda 11 da juna ka cire ɗaya, za ka samu 2,047, wato 23 sau 89, kowace cikinsu na barin saura ɗaya idan aka raba ta da 22, wato 11 sau biyu. Ka ga ke nan ba kowace lamba mai wannan siffa ke shiga jerin ba, har Mersenne kansa ya saka mai guda 67 bisa kuskure, sai a 1903 wani masanin lissafi, Frank Cole, ya fito da masu raba ta.

A jarrabawar baka ta farko da na yi a nan, farfesa ya miƙo mini alli ya ce in nuna dalilin wannan ƙa'ida ta saura ɗaya. Sakamakon yana kaina daram, amma hannuna ya tsaya a jikin allo, domin ban taɓa bin hujjar da kaina ba. Sai da na sake zaman jarrabawar, kuma ba na so haka ta same ka.

Shi kuwa abokinka, ka gaya masa cewa ita ce lamba mafi girma da ma'ajiyar kwamfuta mai gurbi 32, kowane gurbi na riƙe 0 ko 1, ke ɗauka idan an ware gurbi ɗaya don alamar ƙari ko ragi, shi ya sa tsofaffin manhajoji masu ƙirga daƙiƙoƙi daga farkon 1970 za su cika maƙil ranar 19 ga Janairu 2038.

Ka zauna ka rubuta hujjar ƙa'idar 62 da hannunka, kada ta wuce shafi biyu, ka ɗauki hoto ka turo mini, daga nan sai mu yi maganar takardun neman gurbi. Ka gaida Hajiya da mutanen gida.