Zawon haƙori da faɗawar maɗiga

'Yata, yanzu na ga saƙonki. Kin ce yaron ya kwana biyu yana zawo, surukarki ta ce na haƙori ne a ƙyale shi, a rage masa ruwa kada cikin ya ƙara gudu, a kuma shafa masa magani a ka tunda maɗiga ta faɗa. Kina tambaya ko wannan al'ada tana da tushe. Kafin komai, tunda maɗiga ta faɗa, ki goya shi ku tafi asibiti yau, sauran bayanin kya karanta a hanya.

Iyayenmu sun lura da lokacin daidai. Yaro ya kai wata shida ko bakwai, dasashi na masa ƙaiƙayi, ya fara rarrafe, duk abin da hannu ya kai sai baki, butar banɗaki ce, takalmin babansa ne, ga an fara ba shi koko. Ta nan ƙwayar cuta ke samun ƙofa, haƙori kuma ya fito a daidai lokacin, sai aka ɗora masa laifin.

A shekarun da na yi a ɗakin gwaji na asibiti, ba abin da ya tsaya mini a rai kamar lamarin wata ƙwayar bakteriya, ƙaramar halittar da ido ba ya gani, mai suna E. coli. Tana hanjin kowa, ni da ke da jaririn, kuma yawancinta ba ta cutar da kowa. Irin da ke sa zawon ruwa ta samu wani ɗan zobe ne na gadon halitta, filasmid ake ce masa, ɗauke da umarnin haɗa dafi, kuma ƙwayoyin suna miƙa wa juna shi kamar yadda maƙwabciya ke miƙo miki garwashi ta katanga. Ƙwayar kwalara ma dafinta aro ne. A 1996 Matthew Waldor da John Mekalanos na jami'ar Harvard suka nuna cewa wani bairos mai harbin bakteriya ne ya shigo mata da umarnin, ya zauna cikin gadon halittarta. Tun 1959 wani likita a Kalkata ta Indiya, Sambhu Nath De, ya tace ƙwayoyin kwalara ya raba su da ruwan da aka raine su a ciki, ya zuba ruwan kaɗai a hanjin zomo, hanjin ya cika da ruwa ya kumbura. Ɗaya daga cikin dafin E. coli da na kwalara kuwa kamar wa da ƙane suke.

Irin wannan dafi ba ya huda hanji. Manne wa bangon yake yi, ya buɗe hanyar fitar gishiri ya hana ta rufuwa, ruwa kuma duk inda gishiri ya bi sai ya bi shi. To kin ga abin da ke zuba ruwan jikin yaron ne, ko kin hana shi sha ba zai tsaya ba. Faɗawar maɗiga alama ce ta ruwan ya yi ƙasa. Na sha ganin jarirai an kawo su da ƙulli busasshe a tsakar ka, ido ya zurma, suna kuka ba hawaye, iyayen kuma sun yi iyakar abin da suka sani.

Cikin rahamar Allah, akwai ƙofar da dafin bai taɓa ba, wadda sukari ke jan gishiri ta cikinta, ruwa ya biyo su ya koma jiki. Ki sayi ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari, a kemis ki dama yadda aka rubuta. In babu, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kaɗan-kaɗan da cokali, in ya yi amai ki ɗan dakata ki ci gaba, kada kuma ki fasa ba shi nono.

Surukarki jikanta take so, kada ki yi mata gardama a gaban mutane. Ki sa maigidanki ya yi mata magana, ko ki haɗa ni da ita a waya in gaishe ta, mu manya mun san yadda za mu yi. Ki kira ni da zarar likita ya duba shi. Allah ya ba shi lafiya.

Gwaggonki