Amsar Baba a zauren 'yan fansho kan maganar diyya

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, da fatan an yi sallar la'asar lafiya. Ɗana, na saurari saƙonka har sau biyu. Ka ce wasu sun kira mahaifinka a waya suka ce daga ofishin fansho na Abuja suke, wai ariyas ɗinsa ya fito, suka karɓi lambobin katinsa suka kwashe abin da ke asusun, kuma kana tambaya ko gwamnati na biyan diyya tunda ka ji ana ta ƙwato biliyoyi daga hannun ɓarayin fansho. To da farko Allah Ya mayar masa da alheri, ka gaishe shi, tare muka yi aiki, ya san ni na san shi. Amma bari in faɗa maka abin da kake tambaya a zahiri, don ni na gane. Tambayarka ita ce, wancan kuɗin da ake cewa an ƙwato, akwai rabon babanka a ciki? Babu. Ko sisi. Gara ka ji daga bakina yau da ka ƙare takalminka a hanyar Abuja.

Ka ga, mutane suna haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Akwai ɓarawon da ya zauna a ofis da biro ya kwashe kuɗin fansho tun kafin ya iso gare mu, akwai kuma ɗan damfarar da ya jira kuɗin ya shigo asusunka sannan ya kira ka a waya. Na farko a idon kotu kuɗin gwamnati ya sata, don haka in an ƙwato gwamnati ake mayar wa. Na biyu kuɗinka ya sata, amma shi kuma sai an kama shi tukuna. Ka ga gaba kura baya sayaki ke nan.

Bari in ba ku misali, ko da yake na san wasunku za su ce Baba ya fara, to na fara ɗin. John Yakubu Yusuf. Wa ya manta da shi? Jami'i ne a ofishin fanshon 'yan sanda. A 2014, a'a, astagfirullah, 2013 ne, watan Janairu, don na tuna da sanyi ake muna zaune muna jin rediyo. Mutumin nan ya amsa laifinsa da bakinsa a gaban Mai shari'a Abubakar Talba a Abuja, maganar biliyoyin naira na tsofaffin 'yan sanda. Me aka yanke masa? Shekara biyu a gidan yari ko tarar naira 750,000. Tuhuma uku, kowace naira 250,000. Ya biya a nan take ya shiga mota ya tafi gida. Wallahi ranar ban iya cin tuwon dare ba. Eh, an karɓe masa gidaje 32 da wasu miliyoyi, ban ce ba a karɓa ba, kar wani ya ce Baba ya ɓoye. Kuma an dakatar da alƙalin shekara guda. Sai a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta ce a'a, wannan wasa ne, ta ba shi shekara shida ta ce ya biya naira biliyan 22.9, kotun ƙoli ta tabbatar a 2022. To yanzu ku lissafa min, daga 2013 zuwa 2022 shekara nawa? Tara. Tsohon kurtun da ya yi shekara 35 yana tsaye a rana a bakin titi, wanda kuɗinsa ke cikin wancan kuɗin, shekara tara zai jira da hawan jini da ciwon suga? Ni dai duk tsofaffin 'yan sandan da muke zama da su a masallaci, ban ga wanda aka kira aka ce ga naka, ga kuma na haƙuri ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai kuma Abdulrasheed Maina, wanda shi aka ɗauko musamman a 2010 ya gyara harkar fanshon. An ba kura ajiyar nama. Ya gudu, ya dawo a 2017 har aka mayar da shi aiki a ma'aikatar cikin gida, sai da ƙasa ta ɗauki ihu sannan Buhari ya ce a kore shi. Aka kama shi a 2019, aka ba da belinsa, Sanata Ali Ndume ya tsaya masa, ya sake sulalewa, har sai da aka kai Ndume gidan yarin Kuje ya kwana a can saboda shi. A ina aka samo shi? A Nijar, nan maƙwabta, ƙarshen 2020. A watan Nuwamban 2021 Mai shari'a Okon Abang ya ba shi shekara takwas, ya ce a dawo da kuɗi wajen naira biliyan 2.1. A dawo wa wa? Gwamnatin tarayya. Ka ji inda maganar take. Ba a ce a nemo jerin sunayen tsofaffin da aka hana haƙƙinsu a raba musu ba.

Kuma ni kalmar diyya ɗin nan ma da ake ta yawo da ita tana ba ni haushi. In na ci bashinka na shekara goma sannan na biya ka, diyya na ba ka? Haƙƙinka na mayar maka, kuma a makare. Diyya ita ce abin da za a ɗora a kai saboda wahalar da ka sha. Ni nawa garatutin, ba zan faɗi ofishin ba, waɗanda muka yi aiki tare sun sani, shekara huɗu ina bin fayil. Yau a ce oga ya yi tafiya, gobe a ce fayil ya ɓata, jibi a ce sunan da ke takardar ɗaukar aiki da na takardar ritaya sun sha bamban da harafi ɗaya. Harafi ɗaya! Muhammad da Muhammed. Wani yaro da bai kai ɗan autana ba ya dube ni ya ce Baba sai ka sayo mana ruwan sanyi fayil zai motsa. Ban ba shi ba, shi ya sa na yi shekara huɗu. Lokacin da na ajiye aiki litar fetur naira 97 ce, dala ba ta wuce naira 160 ba. Da kuɗin ya fito, filin da na yi niyyar saye a bayan gari ko rabinsa bai saya ba. Wa ya biya ni wannan giɓin? Kuma fa kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 173, ya ce a riƙa duba fansho duk shekara biyar ko duk lokacin da aka ƙara albashi. Yana nan a rubuce. To rubutu dai. Akwai abokinmu ɗaya, Allah Ya jiƙansa, masinja ne, a layin tantancewa ya yanke jiki ya faɗi, bai ƙara tashi da ƙafarsa ba. Iyalinsa... kai, bari in bar wannan, in na shiga ba zan fita ba.

Ina nake? Yawwa, maganar babanka.

Wani a zauren nan ya rubuto cewa ai akwai asusun kare 'yan fansho a doka. Gaskiya ne akwai, dokar fansho ta 2014 ta kafa shi, hukumar PenCom ke kula da harkar. Amma ku fahimci aikinsa. Na waɗanda ke sabon tsari ne, wanda ake cire kashi 8 a albashinka mai aiki ya ƙara kashi 10. An yi shi ne don a tabbatar da mafi ƙarancin fansho, da kuma cike giɓi in kuɗin ya yi asara wajen juya shi a kasuwa. Ba a yi shi don wanda ya karanta wa baƙo lambar katinsa a waya ba. Haka ita ma NDIC, hukumar inshorar kuɗin ajiya a banki, da wani ya ambata, in banki ya durƙushe ne take biyan masu ajiya, ba in an yaudare ka ba. Shi kuma mai cewa a Ingila banki na biya, eh, ɗana da ke can ya faɗa min, tun Oktoban 2024 doka ta tilasta wa bankunansu su mayar wa wanda aka yaudara ya tura kuɗi, har fam 85,000. To can ne. Mu a nan abin da za su fara tambayarka shi ne, wa ya ba da lambar? In ka ce ni ne, sai su ɗaga kafaɗa.

Amma ban ce ka zauna ba, kar ka ce Baba ya kashe min gwiwa. A'a, bari ma in gyara maganata ta farko, da na ce ko sisi, ina nufin daga kuɗin su Maina. Ta wata hanyar ana iya dacewa. Yaushe abin ya faru, shekaranjiya ka ce? To gobe da sassafe ka ɗauki babanka ku je bankin, shi da kansa, da katin shaidarsa. Kar ku tsaya kan maganar baki da yarinyar da ke kanta, ku rubuta takardar koke, a buga muku hatimi a kwafinku da kwanan wata. Ku nemi takardar shige da ficen kuɗin asusun, za ku ga inda kuɗin ya tafi da sunan mai asusun. Ku ce su tuntuɓi wancan bankin a riƙe abin da ya rage, in akwai saura, don yaran nan ba sa bari kuɗi ya kwana, nan da nan sun rarraba shi sun cire a wajen masu POS. A toshe katin, a canza lambar sirri. Daga nan ku kai rahoto wajen 'yan sanda ko EFCC, da lambar wayar da aka kira shi da ita da duk alat ɗin da ya shigo, kar ya goge ko ɗaya. In banki ya yi mako biyu bai ce muku komai ba, akwai sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna a Babban Bankin Najeriya, ku kai can.

In Allah Ya sa aka kama su, a nan ne doka take tare da ku da gaske. Dokar damfara ta 2006 ta ce kotu ta sa ɗan damfara ya mayar wa wanda ya cuta abinsa, bayan ɗaurin da za a yi masa. Dokar shari'ar masu laifi ta 2015 ma, sashe na 319, ta ba alƙali ikon ya sa mai laifi ya biya wanda ya zalunta, jihohi da yawa sun yi irin tasu. Sai dai ku bi shari'ar da ƙafarku, ku tuna wa mai gabatar da ƙara ya roƙi wannan, in ba haka ba a ɗaure yaro ku tashi hannu rabbana. Kuma in ya riga ya cinye kuɗin a waya da otal, to me za ka tatsa a jikinsa?

Abin da ya fi damuna ma, kuma Hajiya da ke zauren nan shaida ce don an gwada mata, za su sake kira. Wallahi za su sake kira. Wannan karon za su ce su ne masu ƙwato kuɗin, ko lauyoyi ne, ko an kafa kwamitin biyan diyya sunan babanka ya fito, ya turo naira 20,000 na fom. Mutanen farko ne, ko waɗanda suka sayar wa lambarsa. Ita PTAD, hukumar biyan fansho da aka kafa a 2013 don masu tsohon tsari, ta sha sanarwa cewa ba ta karɓar ko kwabo kafin ta biya mutum haƙƙinsa. Ka karɓi wayar tsohon nan na kwana biyu in zai yarda, ko da yake na san halinsa, ba zai yarda ba, tun muna aiki haka yake. Kuma kar ku dame shi da faɗa a gida, kunyar da yake ji ta ishe shi, mutumin da ya riƙe lissafin ma'aikata guda shekara da shekaru.

Ga ladan can ya fara, cajina ma ya kusa ƙarewa. In kun je bankin ka kira ni ta waya, kar ka turo takardun a zaure, mutum ɗari biyu ne a nan ban san rabinsu ba. Wassalamu alaikum.