Tambaya da Amsa: Seleniyom a Ciyawar da Namun Daji Ke Ci

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne mai karatun kula da gandun daji a Bauchi. An gaya mana a aji cewa naman daji yana iya kiwo a fili mai yalwar ciyawa har ya ƙoshi, amma 'ya'yansa su riƙa mutuwa saboda ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyom, kuma wai yawansa ma guba ne. Daga ina yake shiga ciyawa, kuma nawa ne ya ishi dabba?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, abin da aka gaya muku haka yake. Seleniyom sinadari ne da masanin nan na ƙasar Suwidin, Berzelius, ya gano a 1817, kuma an daɗe ba a san shi da komai a jikin dabba ba sai guba, har zuwa 1957 da bincike ya tabbatar cewa jikin dabba ba ya rayuwa sai da shi. Aikinsa shi ne kare tsoka da sauran sassan jiki daga lalacewa, tare da taimakon bitamin E.

Daga ƙasa yake shiga ciyawa ta hanyar saiwa, saboda haka irin ƙasar wuri ita ke yanke hukunci. Inda ruwan sama ya yawaita kuma ƙasa ke da tsami, seleniyom yakan manne wa sinadarin ƙarfe da ke cikinta, saiwa ta kasa jawo shi. Inda kuwa ƙasa ta bushe, mai kanwa-kanwa, yakan narke cikin sauƙi ya hau tsiro. Farar wuta ma tana hana shi shiga, domin ƙofa ɗaya suke bi a jikin saiwa. Abin da ya fi wahalar da mai kula da daji shi ne yawancin ciyayi ba sa bukatar seleniyom don su girma, wato fili yana iya yin kore shar, ciyawa har gwiwa, alhali abin da ke cikinta bai taka kara ya karya ba. Ido ba ya gane wannan, sai an kai ganye ko jinin dabbar ɗakin gwaji.

Game da adadi, ma'aunin da aka saba amfani da shi na dabbobin gida ne masu tuƙa, irin su shanu da tumaki, kuma da shi ake kwatanta na dawa. Ana son kowane kilo na busasshiyar ciyawa ya ƙunshi miligiram 0.1 zuwa 0.3. Idan ya gaza 0.05 akwai haɗarin ƙaranci, idan kuma ya haura miligiram 5 aka daɗe ana ci, guba ta fara. Masu tuƙa sun fi doki shiga matsalar ƙaranci, domin ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbinsu suna mayar da wani kaso na sinadarin abin da hanji ba zai iya tsotsa ba.

Ƙarancin ya fi bayyana a kan jarirai. Ɗan yakan faɗo da rauni, ƙafafu su sandare, ya kasa miƙewa ya bi uwa ko ya kama nono, kuma idan aka feɗe shi akan ga tsokar cinya da ta zuciya sun koɗe sun yi fari-fari kamar an barbaɗa alli. A garke makiyayi zai lura ya kira likita. A dawa kuwa mai rauni abincin kura ne, gawar ma ba a ganin ta, shi ya sa ake ɗora laifin a kan namun daji masu farauta alhali asalin cutar a ƙasa take. Wani bincike da aka buga a 1994 a kan barewar arewacin Kalifoniya a Amurka ya fito da wannan fili: an kama matan barewar aka zura musu ƙwayar seleniyom mai narkewa sannu a hankali a cikin tumbi, sai yawan 'ya'yan da suka rayu zuwa yaye ya ninka fiye da sau biyu.

Ta ɓangaren yawa, tun a 1856 wani likitan soja a sansanin Fort Randall, cikin jihar Dakota ta Kudu ta yau a Amurka, ya ba da rahoton dawakin da geza da jelarsu suka zube, kofatansu suka lalace har kiwo ya gagare su. Sai a shekarun 1930 aka gane seleniyom ne. A wannan yanki akwai tsirrai irin su Astragalus da Stanleya masu tara dubban miligiram a kilo guda. Suna warin tafarnuwa, kuma dabba takan guje su muddin tana da zaɓi, sai fa idan fari ko cunkoso ya tilasta ta. A ganina wannan ne ya kamata ɗalibin gandun daji ya fi riƙewa: dabbar da ke yawo tsakanin tudu da kwari tana haɗa ciyawar wurare dabam-dabam, amma wadda gonaki da shinge suka killace a ƙasa iri ɗaya ba ta da mafita.

TAMBAYA: Ni makiyayi ne daga yankin Maraɗi. Kanwar da muke ba shanu tana maganin wannan ƙaranci?

AMSA: Kanwa tana da amfaninta, amma abin da ya fi yawa a cikinta gishirin sodiyom ne, don haka kada a dogara da ita wajen seleniyom. Akwai dutsen lasa da allurar da aka haɗa da seleniyom, sai dai kada ka yi allurar da ka, domin ƙarin da ya wuce kima yana kashe ɗan maraƙi cikin ɗan lokaci. Ka bari likitan dabbobi ya duba garken, shi zai faɗa maka ko akwai bukata da kuma adadin da ya dace da nauyin kowace dabba.