Tambayi Likita: Kwarin Bayan Gari, Tur'a da Randar Gida

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Mai Wurno a ƙasar Sudan. Motar kwasar masai tana juye kayanta a wani kwari bayan gari. Yanzu ana batun haƙa tafkunan tace ƙazanta, mu kuma muna tsoron wari da sauro. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ni kwarin nan ne yake tayar mini da hankali. Da rani za ka gan shi a bushe, ka ce an rabu da shi. Ruwan farko na damina kuwa sai ya kwashe komai ya zuba a kogin Bahar Azrak, inda mai karo, wato amalanken jaki, yake cika gangarsa ya kawo maka har ƙofar gida. Hanyar kwalara ke nan, da taifot, da ciwon shawara. Kwalarar da aka sanar da ɓarkewarta a Sudan a watan Agustan 2024 ba ta bar mu mun manta ba.

Tafkunan galibi uku ake jerawa. Na farko mai zurfi ne, a nan dattin yake kwantawa a ƙasa ya ruɓe. A na biyu gansakuka ke fitowa, ruwan ya yi kore, ita ce ke ba ƙananan halittu iskar da suke cinye sauran dattin da ita. Na uku bai wuce mita 1 ko ɗaya da rabi ba, don rana ta ratsa shi ta kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan yakan yi makonni kafin ya fita. Ba ruwansu da wutar lantarki, rana kuwa Allah Ya hore mana ita.

Tsoronku yana kan hanya. Wari yana tashi idan aka ɗora wa tafkin farko abin da ya fi ƙarfinsa, sauro kuma ciyawar gefe yake bi. Don haka ku tsaya kai da fata a yi su nesa da gidaje, a daɓe ƙasansu da yumɓu kada su tsiyaye cikin rijiyoyi, a kewaye su saboda yara, a kuma sa wanda zai riƙa nome bakinsu. Ruwan da ya fito a ba itatuwa ko auduga, kada kowa ya sha.

Tambaya: Likita, ɗana ɗan shekara 9 yana ganin jini a ƙarshen fitsarinsa. Kullum yana wanka a tur'a, wato magudanar ruwan ban gonaki. Kakarsa ta ce zafin rana ne. Daga wata uwa a Jazira.

Amsa: 'Yar'uwa, a gaishe da Iya, amma wannan ya fi kama da tsargiya. Na sha ɗaga kwalbar fitsarin yaro a bakin taga in gan ta ja kamar zoɓo, yaron kuma yana ta dariyarsa, shi ya sa iyaye ke sakaci. Magudanan Jazira, da ke shan ruwa daga madatsar Sinnar tun 1925, mazaunin dodon koɗi ne. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga dodon koɗi, tsutsar ta fito ta huda fatar mai wanka. Ba sai ya sha ruwan ba. Ki kai shi a gwada fitsarin. Maganinta Praziquantel ne, gwargwadon nauyinsa ake ba shi. In an bar ta, tana lalata mafitsara da ƙoda. Maganin ba ya hana sake kamuwa, saboda haka ki ɗebar masa ruwan wanka a gida, 'yan'uwansa ma a gwada su.

Tambaya: Ina sa garin 'ya'yan zogale a ruwan kogi har ya kwanta garau. Ya isa?

Amsa: Bai isa ba, Hajiya. Zogale laka yake kwantarwa, ƙwayar kwalara na iya saura. Ki tsiyaye ruwan ki tafasa shi, ko ki sa kulorin yadda aka rubuta a jikin fakitin, ki jira minti 30. Ki rufe randa, moɗa ɗaya mai dogon hannu a rataye a gefenta, kada yara su tsoma hannu.